Sautin kwamfutar kallon fim a falo: abin da aka fi nanatawa

A tattaunawa kan matsalar sauti idan an haɗa kwamfuta da talabijin ko risiba (na'urar da ke raba wa sifikoki sauti), yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce kafin ka taɓa komai ka leƙa saitin sauti na Windows, don sau da yawa kwamfutar sifikokinta take turawa sautin ba wayar HDMI ba. Sai kuma direban katin hoto (manhajar da ke sarrafa katin), Nvidia ko AMD, a cikinsa direban sautin HDMI yake, idan ya tsufa a sabunta shi.

Inda aka fi jan magana shi ne wayar optika, wato kebul ɗin da ke kai sauti ta hanyar haske. Ita dai stereo (sautin sifika biyu) take ɗauka, ko tsarin sauti na Dolby Digital da DTS 5.1 (sifika biyar da ta bes ɗaya), amma Dolby TrueHD da DTS-HD ba za su bi ta nan ba ko me ka murɗa, sai HDMI, kuma sai ka kunna passthrough (tura sauti yadda yake) a Kodi, manhajar kallon fim, don risiba ta fassara sautin da kanta.

Masu jin kiɗa da ƙarar mota amma maganar 'yan wasa ta ɓace, galibi 5.1 suka zaɓa alhali sifika biyu gare su, magana kuwa ta sifikar tsakiya take fita. Wasu kuma sun ce a fara kunna risiba da talabijin sannan kwamfuta, ni ma na fi yarda da wannan.