Wasu kwanson harsashi sun ɗaure min kai

Sabon Hannu: Salam jama'a. An haɗo min kwanso rabin bokiti daga filin koyon harbi, ina tsincewa na ci karo da kala uku da ban gane ba. Wasu an buga nny a gindinsu, wasu 539 da 84 kawai, sai guda shida masu tambarin 30-06 (sunan wani girman harsashi) amma gajeru ne sosai. In sake cika su ko in zubar?

Mai Awo: nny ɗin nan ba haruffan boko ba ne, PPU ne da irin rubutun Sabiyawa, kamfanin Prvi Partizan. Tagulla ce mai kyau, riƙe abinka.

Dattijo: 539 masana'antar Tula ce ta Rasha, 84 kuma shekara. Kai masa mayen ƙarfe mu ji.

Sabon Hannu: Ya kama shi caraf Baba

Dattijo: To ƙarfe ne, ware shi gefe. Kuma kafin ka ɗora komai kan inji ka haska tocila cikin kwanson ka ga irin firamarsa, wato 'yar ƙwayar da ke tayar da wuta a gindi, rami ɗaya a tsakiya Boxer ne, ƙanana biyu a gefe Berdan ne. Ni na ɗanɗana kuɗata a nan, wani ya sayar min da buhu guda yana rantsuwa duk Boxer ne, na fara aiki da daddare, a na uku sai na ji ƙas, allurar cire firama ta karye, na sa wata ita ma ta bi ta, ashe kusan rabin buhun Berdan ne aka cakuɗa. Sati biyu ina jiran sabuwar allura, sannan na zauna ina haska su ɗai-ɗai har idona ya yi ja. Wallahi har yau abin na ci min rai don na san da gangan ya yi.

Maharbi: Berdan ma ai ana cikawa Baba, kar a tsorata yaro

Dattijo: Ana yi, amma a ina zai samo firamar?

Mai Awo: Abin mamaki, cikin mutanen da suka ƙirƙiro su, shi Berdan Ba'amurke ne, Boxer kuma ɗan Ingila, amma sai Amurka ta rungumi na Boxer, sojojin Turai suka ɗauki na Berdan.

Maharbi: malamin tarihi ya iso, a gyara zama

Sabon Hannu: Dan Allah 30-06 ɗin nan fa?

Mai Awo: Auna tsayinsa. Na asali milimita 63.3 ne.

Sabon Hannu: 57 na samu, kuma bakin ya fi faɗi

Mai Awo: To wani ne ya yanke shi ya matse shi ya koma 8x57 Mauser, tambarin na da ne ya rage. Kar ka bari ya shiga cikin na 30-06 ko da wasa.

Dattijo: Zubar kawai ɗana, ba ka san sau nawa aka harba su ba.

Maharbi: Haba dai. Lanƙwasa bakin siririyar waya ka shafa cikinsa kusa da gindi, in ta maƙale a wani layi ya kusa rabewa, in sumul ne ba ruwansa.

Dattijo: A kan kwanso shida? Ni dai ba zan sa fuskata bayansu ba.

Baƙo: ku yi haƙuri na shigo tsakiya, akwai mai dabarar raba 9x18 Makarov da 9x19 da sauri? bambancin milimita ɗaya ne, idona ya gaji