Masu siramik kotin a Sakkwato, ku zo mu ji, taku ta yi shekara nawa?

Mai Camry, Arkilla
Assalamu alaikum jama'a. Ina son waɗanda suka taɓa yi ma motarsu siramik kotin ɗin nan, wato maganin da ake shafa ma fentin mota don kariya da sheƙi, su ba mu labari, amma don Allah wanda ya yi da kuɗinshi, ba wanda ya gani a TikTok ba. Tawa a Kaduna aka yi mata cikin azumin bara, mai shagon har da rantsuwa wai shekara 5 ba abin da zai taɓa fentin. Da farko kam abin ya burge ni, ka watsa ruwa ka ga yana gangarewa kamar a ganyen gwaza, ƙura ma ba ta kamawa sosai. Yau wata 14 ke nan, bonet da rufin sama ruwa kwanciya yake yi shame-shame, ga wasu fararen ɗige-ɗige da sun ƙi fita ko an wanke, ƙofofi ne kawai ruwan ke ɗan tsalle. An cuce ni ne ko haka abin yake a garin nan?

Baban Khalifa, Mabera
Wa alaikumus salam. Ni dai tawa shekara ukku ke nan da anka yi mata kuma har yau ruwa na gangarewa, sai dai ba kamar ranar farko ba, ƙarya ba ta da amfani. Amma hwa na sha wahalar ta. Rumfar kwano niy yi mata cikin gida, omo na hana a kusance ta da shi, shamfu na mota nike saye, kuma ni ka wankin abata da kaina bayan asuba ranar Asabar. Bokiti biyu, guda na kumfa guda na ɗauraye soso, kuma sai na kwarara ruwa ƙasar ta sauka kahin hannu ya taɓa jikinta. Uwargida ta ce ko ita ba ta samun wagga kulawa, nic ce ke ai ba a yi miki siramik ba.

Hajiya mai baƙar Highlander
Hmm Baban Khalifa ka more da kake da lokaci. Ni maigadina ne ya gama da tawa, kuma da kyakkyawar niyya bawan Allah. Lokacin hunturu kullum kafin in fito ya ɗauki busasshen tsumma ya goge ta tas, ni kuma ina ta sa mishi albarka, ashe ƙurar nan yashi ce, gogawa yake yi kamar da samfefa. Sai wata rana na tsaya wajen biki a Runjin Sambo rana ta daki bonet na ga zane-zane zagaye kamar saƙar gizo ko'ina. Baƙar mota kuma kun sani ba ta rufa asiri. Na kira wanda ya yi min aikin ya ce ai garantin bai haɗa da karce ba, na ce to da me ya haɗa? Ya fara kame-kame na kashe wayata. Sannan ga dogon yaro a ofis, ina fakewa ƙarƙashinshi don inuwa, tsuntsaye su yi ta aikinsu a kan rufi, in kashin ya yini a rana sai ya bar tabo ko da kotin ɗin. Abu ɗaya da zan yaba, in ka goge da ruwa da wuri yana fita salin alin, da can sai an kankare. Yanzu da gorar ruwa da ɗan tsumma mai laushi nake yawo a but.

Mai wankin mota, Gawon Nama
Ranku ya daɗe ku yi haƙuri in sa baki, don kullum mu ake zagi. Alhaji mai Camry, fararen ɗigon nan ba kotin ɗinka ne ya mutu ba, gishirin ruwan bohol ne. Ƙasarmu ƙasar farar ƙasa ce, ba banza ake yin siminti a Kalambaina ba, ku duba cikin butar shayinku ku ga farin da ke kamawa, to shi ne ke zama kan mota. Mutum zai kawo mota ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, zafi ya haura 40, bonet ko ƙwai ka fasa sai ya soyu, ya ce yi sauri zan je ɗauko yara, kafin in zagayo ɗaya gefen ruwan ya bushe ya bar gishirin. Yau da gobe sai ya rufe kotin ɗin ruwa ya daina gangarewa. Ka gwada wannan, farin binega rabi ruwan leda rabi, ka jiƙa tsumma ka ɗora a ɗan waje kaɗan cikin inuwa jiki da sanyi, minti ɗaya ko biyu ka ɗauraye sosai. In ruwa ya koma tsalle to yana nan. In tabon ya riga ya ci ciki kuma sai folish. Omo kuwa gaskiya muna sawa, amma wanda ya zo da shamfunshi ba mu taɓa ƙin amfani da shi ba.

Direban hanyar Illela
Ni ban da dogon bayani. Na yi, wata biyu tirela ta watso min tsakuwa wajen Gwadabawa, bamba da bakin bonet duk suka yi ƙuraje. Asarar kuɗin taya biyu. Wanda ke bin hanya ya sa ledar kariya a gaba kawai ya huta.

Mai fenti, Sahara
Direba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara don shekarata 20 da ɗoriya ina feshi. Fentin mota hawa-hawa ne, na sama shi muke ce ma kiliya, kaurinta bai kai gashin kai ba, wajen maikiron 40 zuwa 50 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Siramik ɗin da ake shafawa kanta maikiron 1 ne ko 2. Ledar da direba ke magana, wadda suke ce ma PPF, ta kai 150 zuwa 200, shi ya sa take tare tsakuwa. To ku gaya min ta ya abin da bai kai kaurin bawon albasa ba zai hana dutse? Aikinshi rage cin rana, sa ƙura da kashin tsuntsu su fita da sauƙi, da sheƙi, shi ke nan. 9H ɗin da suke rubutawa a kwali ma awon taurin fensir ne, fensir na rubutu, ba wai ya zama lu'ulu'u ba.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen shiri. Aikin gaske yini guda ne ko biyu, a wanke, a cire duk abin da ya maƙale, a yi folish, a goge maiƙon folish ɗin tas sannan a shafa. Maganin a ƴar ƙaramar kwalba yake zuwa, mililita 30 ko 50, ana ɗiga shi kan ɗan soso ana bi kaɗan-kaɗan. In kun ga an ɗauko babbar gora ana fesawa fuf fuf an gama cikin awa ɗaya to na feshi ne, yana da amfaninshi amma watanni yake yi ba shekaru ba. Kuma bayan an shafa ba a son ruwa ya taɓa har kwana ɗaya, wanki da sabulu sai bayan sati. Motocin Beljiyam ɗin nan da yawa an taɓa yi musu feshi kafin su iso hannunku, in kiliyar ta fara yin fari tana ɓarewa kamar fatar maciji ba kotin ɗin da zai tsayar da ita. In ni na yi maka sabon feshi ka jira aƙalla wata ɗaya kafin ka shafa komai. Hajiya kuma ki yi hankali da yawan folish, duk wanda aka yi kiliya ake ci, ba ta tsirowa. Leda ma in ka sa mai arha rana za ta mayar da ita ruwan ɗorawa, bakinta ya tara ƙura ya yi baƙin layi.

Malamin firamare, Kwannawa
Ku masu kuɗi kuna da matsala wallahi. Golf ɗina fara ce, gwangwanin wakis guda, wato man sheƙin mota, na yi min shekara, ina shafawa duk bayan sati shida lokacin zafi don rana na cinye shi da wuri. Kuɗin kotin ɗinku ni buhun gero ne da shinkafa.

Baban Khalifa, Mabera
Malam ai farar mota ko ba a yi mata komi ba tana rufa asiri, zo ka riƙe baƙa wata guda mu gani.

Mai Camry, Arkilla
To jama'a na gode, na dawo da sakamako. Jiya bayan magariba na gwada binegar a rabin bonet, wallahi ruwa ya dawo yana tsalle a gefen da na yi, ɗayan gefen yana nan kwance, har yarana na kira su gani. Rufin sama dai bai motsa ba, ina jin can rana ta gama da shi. Kuma bari in faɗi laifina tunda Mai fenti ya tona, ranar da aka gama aikin da la'asar na kamo hanya, ta Zariya, Funtuwa, Gusau, na iso da dare motar ta yi buɗu-buɗu, da safe na ba yaron unguwa ya wanke ta da omo. Mai shagon bai ce min in jira ba, ni ma ban tambaya ba, kuma gaskiya awa uku kawai aikin ya ɗauka don ina zaune a benci ina kallo. Yanzu tambayata, gidan haya nake ba halin rumfa, tampol ɗin rufe mota zai taimaka?

Mai wankin mota, Gawon Nama
Alhaji in an wanke ta ta bushe ka rufa ba laifi, ka sami mai laushi ta ciki ka ɗaure shi tam. Amma kar ka rufa kan ƙura, iskar hunturu za ta kwana tana kaɗa shi yana gurzar fentin, gara maigadin Hajiya sau goma.

Hajiya mai baƙar Highlander
A bar min maigadina ya huta haka nan, tun watan jiya na karɓe tsumman na ba shi tiyo.