Intabiyun kujerar manajan injiniyoyi: ina zan fi ba ƙarfi?

Mai tambaya, Gusau:
Assalamu alaikum. Wani kamfanin manhajar biyan kuɗi a Legas ya kira ni intabiyu ta Google Meet, kujerar manajan injiniyoyi, mutum takwas a ƙarƙashina. Rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, ba ya ba ni tsoro, amma ban taɓa riƙe mutane a hukumance ba. Ina zan fi ba ƙarfi?

Amsa daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Galibi zama huɗu ne ko biyar: mai ɗaukar ma'aikata na rabin awa, wanda zai zama ogan naka, zanen tsarin manhaja, sai zaman riƙon mutane. A na ƙarshen nan gwanaye suke faɗuwa. Za su ce: injiniyanka mafi ƙwarewa ya yi wata biyu yana jan ƙafa, me za ka yi? Wanda ya ce "sai in karɓi aikin in yi da kaina" ya gama faɗuwa, don ba ƙarin hannu suke nema ba. Abin da suke son ji: ka zauna da shi ku biyu, ka gano ko aikin ne bai fayyace ba, ko gajiya ce, ko matsalar gida. Ku rubuta abin da ake so da ranar dubawa. Maganar sallama sai an bi wannan duka.

Ka tanadi labari biyar ko shida na aikinka, kowanne minti biyu: halin da aka shiga, matakin da kai ka ɗauka, abin da ya fito, da lamba in akwai. Koyar da ƙananan injiniyoyi ma riƙon mutane ne, ka sa shi ciki.

Amsa daga Argungu:
A zaman zane kada ka yi gaggawar zana akwatunan tsarin. Fara da lissafi: rana daƙiƙa 86,400 ce, saboda haka ciniki miliyan ɗaya a rana bai wuce 12 a daƙiƙa ba, ka ninka don cunkoson ƙarshen wata. Tunda kuɗi ne, ka sa ran tambayar cire kuɗi sau biyu: netiwok ya yanke, mai POS ya sake dannawa. Maganinsa kowane ciniki ya zo da lambarsa ta musamman, in ta maimaitu saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar cinikin, ta dawo da amsar farko, ba ta sake cira ba. Ka san ma'aunan DORA huɗu kuma, waɗanda ake auna aikin ƙungiyar injiniyoyin manhaja da su: yawan sakin sabon kod, tsawon lokacin da gyara ke ɗauka kafin ya isa ga jama'a, kason sakin da ke ɓata abu, da saurin farfaɗowa.

Amsa daga Talata Mafara:
Ɗan'uwa, kada ka dogara da NEPA ranar. Caji kwamfuta, layi biyu na kamfani daban-daban, ka gwada Excalidraw, allon zane na intanet, tun jajibiri. In sun ba ka dama, tambaye su me ya sa kujerar ta zama babu kowa, kuma wa ke tashi in saba ta faɗi ƙarfe biyun dare.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka. Maganar albashi fa, a wane zama ake tayar da ita?