Gidauniyar buɗe sabon kwas a kwalejin al'umma

Tambaya: Salamu alaikum. Kwalejin al'ummarmu a Jos na son buɗe kwas ɗin ND (difloma ta ƙasa) na kimiyyar kwamfuta. Ta ina za mu fara?

Amsa 1: Malam, kada ku ɗauki ɗalibi ko ɗaya sai NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, daga Kaduna ta zo ta duba malamai, kwamfutoci da ɗakin karatu, ta amince. In ba haka ba, takardar shaidar banza ce.

Amsa 2: Batun kuɗi kuwa, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na makarantun gwamnati ne, ku cire rai. Ku yi wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum uku.

Amsa 3: Alkawarin ranar gidauniya fa ba kuɗi ba ne, wasu don a tafa musu suke yi. Ku yi kasafi da abin da ya shiga asusu kawai, sola da batura a gaba.