Masu zama a ƙasar Ibo: ina “ji” da “gani” namu suka dace da nasu?

Ɗan Ama Hausa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da albasa a Owerri, kuma na lura kusan duk inda Bahaushe zai ce “ji”, Ibo ma kalma ɗaya suke jawowa, wato nụ. Mai sayayya ta tsaya a gabana, sai ta ce “Ị na-anụ Igbo?”, kana jin Ibo ke nan, sak yadda muke tambayar baƙo ko yana jin Hausa. Wa ya ci karo da irin wannan?

Bawan Allah na Lokpanta:
Wa alaikumus salam. Ai a kara kullum ne. Mahauci ya ɗaga tsoka ya kai hanci, in ta fara juyawa sai ya ce “ana m anụ isi”, yana jin wari. Daɗin miya ma “jinsa” suke yi, ịnụ ụtọ. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne yaro mai taurin kai. Matar da ke kawo mana abinci tana bin ɗanta da tsumagiya tana faɗin “ọ naghị anụ ihe”, ba ya ji. Wallahi rufe ido kawai za ka yi ka ɗauka wata uwa ce a Funtuwa.

Malama 'yar hidima:
Malam, a nan fa ake zamewa. Lokacin da nake hidimar ƙasa a wata sakandare kusa da Nsukka, wani abokin aikinmu ɗan Gusau ya ɗauka ko'ina nụ za ta shiga. Da azahar ya dafe ciki ya haɗa ta da yunwa, yana nufin yana jin yunwa. Ɗalibai suka kwashe da dariya har da masu buga tebur. Su a wurinsu yunwa ce ke aikin a kanka, “agụụ na-agụ m”, sanyi kuma “oyi na-atụ m”. Jin jiki irin namu, na yunwa da sanyi, ba ya bin wannan hanya. Kuma a kiyaye da ṅụ mai ɗigo a sama, ita sha ce.

Direban Anacha:
Ni gani ne ya ɗaure min kai. Hụ gani ce, amma da an ƙara mata n'anya, a ido, sai ta koma ƙauna. “Ahụrụ m gị n'anya”, na gan ki a ido, ina sonki ke nan. Daga nan sunan Ifunanya ya fito, akwai masu shi da yawa a Sabon Garin Kano.

Hajiya mai atamfa:
Direba, Allah ya sa dai ba a tasha ka koyi wannan ba! Ni a Ariaria ta Aba nake saro kaya. In kaya suka yi jinkiri, mai shagon yakan ce “anyị na-ele anya ya”. Le duba ce, amma abin da yake nufi suna sa ran isowarsu, kamar yadda muke cewa muna zuba ido. 'Yarsa kuma da za ta zauna jarrabawar WAEC, cewa ya yi za ta “le ule”. Wanda ya san me ya haɗa duba da jarrabawa ya taimaka min.