Neman suna: albasar nan mai sunkuyar da fure

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani shirin rediyo kan tsirrai, sai na maƙale a kan Allium cernuum. Albasa ce da ke fitowa da kanta a Arewacin Amurka, daga Kanada har Meziko, ana kuma shuka ta don ado. Ganyenta siriri ne, ana ci. Kan furen yakan lanƙwaso ƙasa, abin da cernuum ke nufi ke nan a Latin. Me zan kira ta?

Ɗan Lambu: Albasar daji. A wuce wurin.

Malamin Tsirrai: Ba a nan take ba. Dangin Allium ɗaruruwa ne, akasarinsu na daji. Ga kuma haɗari: mai sauraro na jin "albasar daji" zai tuna albasar kwaɗi ko albasar kura, waɗanda ba danginta ba ne, ba a kuma cin su. Kai kuwa ga ka a rediyo kana cewa a ci ganye.

Ɗan Lambu: To, lawashin ado.

Malamin Tsirrai: Lawashi ganyen ne kawai. Ina furen, ina kan?

Uwar Furanni: Ni fa "albasa mai kunya" ta kwanta mini. Ku dubi hotonta, kai a sunkuye kamar amarya.

Mai Kishin Harshe: Duk kuna ta albasa, albasa. Aro ce daga Larabci, al-basal. In ƙirƙira za a yi, a yi da Hausa tsantsa: sunkuyau.

Uwar Furanni: Malam, tun kaka da kakanni ake cewa albasa. Sai yau za ka kore ta? Littafin da ka karanta wannan a ciki fa, da me kake kiran sa?

Mai Kishin Harshe: Hajiya, ku ne ke sa a raina mu, a ce ba mu da kalmomi.

Uwar Furanni: Sunkuyau ɗin nan, in aka faɗa wa zai gane tsiro ake nufi? Mai kunya dai.

Mai Fassara: Don Allah a taimaka, dare na yi.

Malamin Tsirrai: Sa "albasa mai sunkuyo", ka bi ta da sunan kimiyya sau ɗaya. Ka ƙara gargaɗi: a can akwai tsiro mai guba da ke kama da ita, amma ba ya warin albasa.

Mai Fassara: Na ɗauka, na gode.

Mai Kishin Harshe: Na shirin gobe kaɗai na yarda. A ƙamus ba za ta shiga haka ba.

Uwar Furanni: Ni dai a lambuna mai kunya ce.