Ƙanena na son tuƙin jirgi mai saukar ungulu, mu sayar da gidan gado?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, abin ya hana ni barci. Ƙanena ɗan shekara 19 ne, ya gama sakandare da sakamako mai kyau. Tun yana ƙarami in ya ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu sai ya ajiye kwanon tuwo ya fito tsakar gida yana ɗaga kai. Yanzu ya kafe tuƙinsa yake so ya koya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida ɗaya a Kano, da kuɗin hayarsa Hajiya take cefane. Ta ce a sayar a tura shi. Don Allah nawa abin yake ci, kuma in ya gama akwai aiki?

Injiniyan jirgi daga Legas: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifi. Ɗan uwa, kuɗin awa ake biya, ba kuɗin zango ba. A Amurka lasisin da ake ɗaukar mutum aiki da shi yana buƙatar awa 150 a sama, a Afirka ta Kudu 200. Akasari da ƙaramin jirgi mai kujera biyu, Robinson R22, ake koyarwa, kuma awa ɗaya da malami a Amurka ta haura dala 300. Haɗa da lasisin tuƙi da na'ura cikin gajimare, biza, masauki da abinci, ka tanadi abin da ya kusa dala 100,000. Da dala za ka biya, ka kuma ga yadda naira ta zube tun 2023.

Amma abin da ya fi damuna, lasisi ba aiki ba ne. Manyan masu ɗauka a nan su ne irin su Bristow da Caverton, masu jigilar ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin cikin teku daga Legas da Fatakwal. Jiragensu manya ne masu inji biyu, kamar AW139 da S-76, kowanne da nasa horon na musamman, shi ma dubban daloli. Yaro ya dawo da awa 150, kamfani na neman mai gogewa. Na ga masu lasisi da suka yi shekaru a gida, kuma lasisin sai ana sabunta shi da kuɗi.

Wata Hajiya daga Kaduna: Ɗana, gidan nan shi ne rufin asirin mahaifiyarku. Uwa ce, za ta ce a sayar ko da za ta kwana da yunwa. Kai ne babba, kada ka yarda. Akwai kuma haƙƙin sauran magada.

Tsohon soja: Me ya sa bai nemi NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, ba? Ga ta nan Kaduna. In ya samu ɓangaren sojan sama kuma aka zaɓe shi tuƙi, gwamnati ce za ta horar da shi, a Enugu ma akwai makarantar koyon irin wannan jirgi. Sai dai ya sani ba kowa ake zaɓa ba, kuma aikin soja ne, za a iya tura shi fagen daga. Ya hanzarta, akwai iyakar shekaru.

Injiniyan jirgi daga Legas: Na manta, kafin ko sisi ta fita a kai shi gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi. Ana duba ido, ji da zuciya. In ba ya bambance ja da kore, magana ta tsaya nan. Sannan ya riƙa bibiyar tallan kamfanonin, a baya Bristow ya sha ɗaukar matasan Najeriya ya kai su Florida horo da kuɗinsa.

Ɗan Zariya: Ku leƙo kwalejin jiragen sama ta nan Zariya, tun 1964 take. Ba tuƙi kaɗai ba, akwai gyaran jirgi da kula da zirga-zirgar sama, kuɗinsu bai kama ƙafar wancan ba. Ya shiga harkar tukuna, yana ci yana neman hanya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya duka, ta yi shiru. Gidan dai mun dakatar. Yallaɓai injiniya, gwajin lafiyar nan sai mun zo Legas, ko ana yi a Abuja?